Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Masu Ƙirga Taurari A Wasan Resilin

Assalamu alaikum.

Ƙannena, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta ɓarke a majalisarmu ranar Juma'a da daddare. Wani yaro da bai wuce shekara 22 ba ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini guntun bidiyo na daƙiƙa arba'in, ya ce, "Yaya, don Allah wannan ne wasan da kuke ta zuzuta mana? Ƙatti biyu suna rungume-rungume?" Wasan Hulk Hogan da Andre the Giant ne. Aka bushe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ai Dave Meltzer ma, ɗan jaridar nan da ke auna wasannin resilin da taurari, maki ƙasa da sifili ya ba wasan. Ban tanka ba a lokacin, don idan samari goma suka yi wa mutum ɗaya taron dangi, gara ya shanye shayinsa ya yi shiru. To yau ga amsata, kuma ba wanda zai katse ni.

Zan fara da ba ku gaskiyarku, kada ku ce yayanku ya tsufa ya fara rigima. Idan aka ɗauki wasan nan aka cire sautinsa, aka ajiye shi kusa da abin da yaran yanzu suke yi a saman igiya, ba abin kallo ba ne. Minti goma sha biyu ne, kuma wani kaso mai yawa a ciki Andre ya matse Hogan ne a ƙirjinsa suna tsaye. Na yarda. Amma abin da kuka gani a wayar nan wutsiyar labari ce, ku kuma kuka yanke hukunci a kan raƙumin gaba ɗaya.

Ga kan labarin. A farkon 1987 Hogan ya cika shekara uku riƙe da kambun duniya na kamfanin resilin na WWF (WWE na yanzu), wanda ya karɓa a hannun Iron Sheik a Janairun 1984. Andre kuwa aboki ne, uban gida ne, shi ne ma ya zuba wa Hogan ruwan murna a kai ranar da ya ci kambun. Sai aka kira su a shirin hira na Roddy Piper, aka ba Hogan ƙaton kofi na shekara uku, aka ba Andre wani ɗan ƙarami na shekara goma sha biyar da aka ce ba a taɓa kayar da shi ba. Duk wanda ya taɓa yi wa wani hidima aka raina masa ya san abin da ke cin Andre a ranar. Da ya sake fitowa, sai ga shi tare da Bobby Heenan, babban maƙiyin Hogan. Ya nemi a ba shi wasan kambu, ya kama rigar Hogan ya yage ta har da sarƙar wuyansa, ƙirjin ya yi jini. Makonni aka yi ana dafa wannan miya kafin ranar 29 ga Maris 1987, lokacin da aka haɗu a filin Silverdome na jihar Michigan. Kamfanin ya ce mutum 93,173 suka shiga, har yau kuma ana musun adadin, wasu na cewa bai kai haka ba. Ko nawa ne, mutanen nan tambaya ɗaya ta kawo su: zai iya ɗaga shi? A lokacin bayan Andre ya riga ya lalace, tafiya ma da ƙyar yake yi, shekara shida bayan nan ya rasu a Paris. Da Hogan ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ihun da ya tashi ba na mutanen da aka cuta kuɗin tikiti ba ne. (Af, an taɓa ɗaga Andre kafin ranar, shi kansa Hogan ya taɓa yi a 1980. Kamfanin ya yi kamar bai sani ba, mu ma da muka gano daga baya muka yi kamar ba mu ji ba.)

Na san abin da za ku ce: ai a daren nan wasan Randy Savage da Ricky Steamboat ne ya fi. Ban musa ba. Shi ne kakan irin wasan da kuke so, sauri, juyi, alƙalin wasa ya buga ƙasa sau biyu a tashi, wajen sau ashirin cikin minti goma sha huɗu da 'yan kai. Savage mutum ne mai tsantseni, sai da suka haddace wasan mataki-mataki kafin su hau. Amma shi ma ku duba abin da ke ƙarƙashinsa. Watanni kafin nan Savage ya diro daga saman igiya da ƙararrawar fage ya danna wa Steamboat a maƙogwaro, aka riƙa nuna shi yana koyon magana kamar jariri. Mutane sun zo ganin ramuwa ne. Gwanintar ƙari ce aka yi musu.

Wannan shi ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna da ku, wato raina magana. Kun ɗauki surutun da ɗan wasa ke yi da makirfo a hannu kamar talla ce da ake tsallakewa. Mu da muka tashi muna zuwa filin dambe ba ma buƙatar a yi mana bayani. Kafin a kai naushi ɗaya, sai ɗan dambe ya fito ya yi kirari, makaɗi ya zuga shi, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar, har tsikar jikin 'yan kallo ta tashi. Cire kirari da kiɗa, abin da ya rage samari biyu ne da zare a hannu. Resilin ma haka yake, sai ma abin da ya fi, tunda shi kowa ya san an tsara wanda zai ci. Idan an riga an san ƙarshe a ofis, me zai sa ka damu? Bakin ɗan wasa ne zai sa ka damu.

Bari in ba ku labarin wanda ya fi taɓa ni, ku yi haƙuri zan ɗan daɗe a nan. A watan Oktoba na 1985 wani mutum mai suna Dusty Rhodes ya tsaya gaban kyamara. Idan kun gan shi ba za ku ce ɗan wasa ba ne: tumbi, farin gashi, goshi duk tabo, harshensa ma da ɗan tsamin baki. Ɗan mai gyaran famfo ne daga Texas, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Wata guda kafin nan Ric Flair da 'yan gidan Anderson sun rufe shi a keji a Atlanta sun karya masa ƙafa, a cikin labarin. Flair shi ne mai kambu, mai agogon zinare, mai kwat da mota mai tsawo. Dusty ya dawo, aka miƙa masa makirfo. Cikin minti uku bai tsaya lissafa dukan da zai yi ba. Cewa ya yi Flair bai san wahala ba, sannan ya shiga faɗin mece ce wahala: ma'aikatan masaƙa da aka sallama suna da 'ya'ya huɗu biyar ba abin da za su ci, ma'aikatan kamfanin mota da aka ce su koma gida, mutumin da ya yi shekara talatin a wurin aiki aka ba shi agogo aka kore shi aka ce kwamfuta ta maye gurbinsa. Ya amsa cewa tumbinsa ya ɗan yi girma, bai yi kama da 'yan wasan zamani ba. Sannan ya miƙa tafin hannunsa wajen kyamara, ya ce mai kallo ya ɗora nasa.

Ni ban ga wannan magana a 1985 ba, ina yaro lokacin, kuma kaset ɗin da ke zuwa mana yawanci na WWF ne. Na gan ta ne bayan shekara fiye da ashirin, a shagon intanet. A lokacin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana zaune a gida a Kakuri, masaƙar da ya ba ƙuruciyarsa an garƙame ta da kwaɗo, haƙƙinsa kuma yana ta jira. Shi ko agogon ba a ba shi ba. Na zauna gaban kwamfutar nan ina jin wani Ba'amurke mai tumbi yana ba da labarin gidanmu, a wata shekara da masaƙun Kaduna suke kan ganiyarsu, ba wanda ya yi zaton abin zai iso mu. Sau uku na maimaita har lokacina ya ƙare. Ku gaya mini, taurari nawa ake ba wannan? Wasan da ya biyo baya a babban taron Starrcade na shekarar ma ba wani abin a zo a gani ba ne, an ba Dusty nasara aka dawo aka ƙwace. Ba wanda ke tuna wasan. Maganar ce ta rayu, har ta kai ga ɗansa Cody ya gina tafiyarsa a kan kambun da uban bai taɓa riƙewa ba a WWE, ya karɓe shi a hannun Roman Reigns a Philadelphia a Afrilun 2024. Kun yi ihu a daren nan, na ji ku. Rabin abin da ya sa ku ihu gadon Dusty ne, mutumin da ya rasu tun 2015.

Ku a wajenku babbar magana ita ce ta CM Punk, wadda ya zauna ya tanƙwashe ƙafa a bakin dandamali a Las Vegas ranar 27 ga Yuni 2011, ya zazzage wa kamfanin da masu shi har aka kashe masa makirfo. Tana da kyau, ban hana ku ba, kuma wasan da ya yi da John Cena a Chicago bayan mako uku ya cancanci duk yabon da ake masa. Amma ra'ayina shi ne maganar Punk ta 'yan gida ce. Sai ka san waye waye a ofis, ka san sunayen kamfanonin da ya ambata, sannan za ta yi maka daɗi. Ta Dusty kuwa, ka fassara wa tsohuwar da ba ta taɓa ganin resilin ba, za ta girgiza kai ta ce Allah sarki.

Ta Steve Austin ta 1996 ba zan daɗe a kanta ba. Ya doke Jake Roberts a wasan ƙarshe na gasar King of the Ring, da ɗinki a leɓe daga wasan farko na daren, ya yi wa Roberts ba'a da ayar Littafi Mai Tsarki ta Yohanna 3:16, ya maƙala mata sunansa ta koma Austin 3:16. A gaskiya ni wasa da littafin addinin kowa ba ya burge ni, ko a lokacin ma na ji wani iri. Amma ba a musun cewa daga wannan daren aka fara ganin alluna da lambar nan a hannun 'yan kallo, rigar kuma ta shiga duniya har gwanjon kasuwanninmu.

Abin da nake so ku zauna ku kalla shi ne abin da ya biyo baya. Ranar 23 ga Maris 1997, WrestleMania 13, babban taron shekara na WWF, a gefen Chicago, Bret Hart da Austin. A yaren gidan kallo, Bret ne akta, Austin ne bos. Dokar wasan ita ce sai ɗaya ya ce ya sallama, Ken Shamrock ne alƙali. Sun fara tun kafin a natsu, suka faɗa cikin 'yan kallo, suka dawo, Bret ya kama ƙafar Austin mai ciwo ya yi ta aiki a kanta kamar makanike. Goshin Austin ya fashe. Daga ƙarshe Bret ya ɗaure shi da makullinsa na Sharpshooter, Austin ya dafa ƙasa ya yunƙura, jini na bin fuskarsa yana shiga tsakanin haƙora, ya kusa ɓalle makullin, ya kasa, ya ƙi sallamawa har ya suma. Aka ba Bret nasara. Maimakon ya tafi, sai ya koma yana shurin ƙafar mutumin da ke kwance. A cikin minti ashirin da 'yan kai, dubban mutanen da suka shigo suna son wannan suna ƙin wancan suka fita sun musanya. Ba wanda ya ɗauki makirfo ya ce musu su canja. Babu tsalle ko ɗaya a wasan da ɗan shekara sha biyar ba zai iya ba a yau. Meltzer ɗin naku ma taurari biyar ya ba shi, in dai sai da sa hannunsa za ku yarda.

Tunda na ambace shi, bari in faɗi ra'ayina a kan taurarin nan. Meltzer ɗan jarida ne da ya shafe fiye da shekara arba'in yana rubutu a kan resilin, ya ga abin da ni da ku ba mu gani ba, kuma ta dalilinsa da yawanmu muka san wasannin Japan. Amma mutum ɗaya ne da ɗanɗanonsa. Ma'aunin nasa an san shi da taurari biyar, amma a Janairun 2017 ya ba wasan Kenny Omega da Kazuchika Okada shida, a 2018 ya ba wani wasan nasu bakwai. Mudun da ke ƙara girma duk shekara, ta yaya za a auna hatsin bara da shi? Abin da ke ba ni haushi shi ne in tambayi ɗayanku yaya ka ga wasan jiya, ya ce mini huɗu da rabi. Ban tambaye ka lamba ba. Ka tashi tsaye? Ka manta da wayarka? Ku je ku kalli The Rock da Hogan a Toronto, Maris 2002. An shirya Hogan ne bos, yana dab da shekara hamsin, gwiwa ta tafi. Mutum dubu sittin da takwas suka ƙi, suka koma yaran 1987, suka riƙa yi wa Rock ihu. Su biyun suka tsaya suna kallon jama'a, suka juya wasan nan take ya bi inda iska ta kaɗa. Wannan ita ce sana'ar, kuma ba ta shiga guntun bidiyo.

Yanzu kuma bari in juya kan tsararrakina, don mu ma muna da namu laifin, kuma na san wasunsu za su karanta. Mun cika cewa komai na da ya fi. Ba gaskiya ba ne. Wasan da muka fi yawan nuna wa yara da alfahari, Undertaker da Mankind a cikin keji a Pittsburgh, Yunin 1998, ni yanzu ba na iya kallonsa har ƙarshe. An jefo Mankind, wato Mick Foley, daga saman keji, ƙafa goma sha shida, ya faɗa kan teburin masu sharhi. Ya tashi ya sake hawa, rufin kejin ya ɓalle da shi, kujera ta biyo shi ta same shi a fuska, haƙorinsa ya maƙale a hanci. A gidan kallo mun yi ta tafi muna cewa a mayar baya. Wannan ba gwaninta muka tafa wa ba, ganganci ne da Allah ya tsare. Ko shekara ba a cika ba Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City ya mutu, aka ci gaba da wasa a daren. Ku ƙirga 'yan wasan zamaninmu da ba su kai hamsin ba. Idan yau an hana dukan kai da kujera, ana duba lafiyar ƙwaƙwalwa, to ci gaba ne, duk wanda ya ce an lalata resilin da haka ba jikinsa ba ne.

Akwai kuma abin da muka haɗiye muna dariya wanda bai kamata ba. Kamala, da aka ce mana ƙaton Yuganda ne da ba ya jin Turanci, ana shafa masa fenti a ciki yana dukan tumbi, baƙin Ba'amurke ne daga Mississippi mai suna James Harris. Haka suka ga Afirka, mu kuma muna Afirka muna tafi. Duk wanda aka naɗa wa rawani ko aka ba shi sunan Larabawa, to bos ne, tun daga Iron Sheik har Muhammad Hassan na 2005. Ku kun ga ranar da Kofi Kingston, haifaffen Ghana, ya ɗaga kambun WWE a 2019, kun ga Oba Femi ɗan Najeriya yana tafiya kamar sarki ba wanda ya sa masa ƙashi a hanci. Mata ma a zamaninmu minti uku ake ba su, abin da ake sa su yi kuma ba ya faɗuwa a takarda irin wannan. Wasan Sasha Banks da Bayley na Brooklyn a 2015 ya fi duk wani wasan mata da na gani a kaset. Shi kansa Hogan da na fara karewa, na san abin da aka ji ya faɗa a kan baƙar fata a faifan da ya fito a 2015, kuma da labarin mutuwarsa ya zo a Yulin 2025 zuciyata biyu ta kasu. Ina kare wasan ne da abin da ya yi wa mutanen da ke filin, ban ɗauki lauyancin halinsa ba.

To ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Kafin ɗayanku ya sake cewa wani tsohon wasa an zuzuta shi fiye da kima, ya kalle shi yadda aka yi shi don a kalla. Ku ɗauki Bret da Austin ɗin nan. Ku fara daga lokacin da Austin ke zagin Bret yana hutu a 1996. Ku kalli haɗuwarsu ta Survivor Series a New York a Nuwamban shekarar. Ku kalli Royal Rumble na Janairun 1997, wasan da duk wanda aka jefa waje ya fita ke nan, inda Bret ya jefar da Austin waje alƙalai ba su gani ba, ya sulalo ya dawo ya ci. Ku kalli daren da ya rage kwana shida WrestleMania, lokacin da Bret ya hankaɗe Vince McMahon, mai kamfanin a lokacin, ya yi ta ɓaɓatu cewa kowa ya cuce shi, ku lura cewa duk abin da ya faɗa gaskiya ne amma mutane sun fara gajiya da kukansa. Sannan ku kalli wasan, daga shigowa har fita, da sauti, waya a aljihu, ba gudun bidiyo.

Idan kun gama ku zo majalisa ranar Juma'a bayan isha'i. Wanda har yanzu yake ganin ƙatti ne ke rungume-rungume, zan saurare shi har ya gama ba zan katse shi ba. Shi kuma yaron da ya miƙo mini waya, ya taho da wasan Omega da Okada na 2018 cikakkensa, sa'a guda da 'yan mintoci, na yi alkawari zan zauna in kalla ba gyangyaɗi. Kuɗin shayi da burodi a kaina.

Wassalam.

Yayanku,
daga Kakuri, Kaduna.